Na sayi alƙalamin tab ya ƙi rubutu, ina matsalar take?

Malam_Lissafi_BK:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masana. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya aiko mini da tab, Galaxy Tab A8, tun kafin azumi. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare nan Birnin Kebbi, da yamma kuma ina yi wa 'yan aji shida darasi a gida. Burina in riƙa warware lissafi a kan tab ɗin da hannuna, in naɗa, in tura musu ta WhatsApp, domin buga alamun aljabara da zanen kusurwa da madannai azaba ce. Shekaranjiya na shiga wani shago na ce a ba ni alƙalamin Samsung. Yaron shagon ya ciro wani siriri baƙi mai maɓalli ɗaya a gefe, ya ce S Pen ne, na biya ₦12,000. Na zo gida na goga a gilashin, ko ɗigo bai fito ba. Na kunna Bluetooth na nema, babu shi. Na jujjuya shi ban ga ramin caji ba. Shin akwai wani saiti da zan taɓa, ko dai jabu aka sayar mini?

Bakabe_77:
Wa alaikumus salam Malam. Jabu na, ba wata magana. Maida musu abinsu tun ba su ce kai kal lalata shi ba.

Injiniya_Aliero:
Bakabe_77, dakata tukuna. Malam, alƙalamin zai iya zama na gaske sarai kuma ya ƙi rubutu a tab ɗinka, domin sirrin ba a jikin alƙalamin kaɗai yake ba, rabinsa a bayan gilashi yake.

Gilashin waya da na yawancin tab yana jin yatsa ne saboda jikin mutum yana ɗaukar lantarki. Akwai siraran layuka da ido ba ya gani shimfiɗe a cikin gilashin, kana ɗora yatsa sai cajin wurin ya ɗan sauya, na'urar ta gane inda ka taɓa. Shi ya sa murfin biro ko tsinken sakace ba sa yin komai a kai. To S Pen ba ta wannan hanyar yake bi ba. Tab ɗin da aka ƙera dominsa yana da wani faifai na daban a ƙarƙashin sikirin mai fitar da ƙarfin maganaɗisu. A cikin alƙalamin kuma akwai 'yar waya naɗaɗɗiya, ita ke karɓar wannan ƙarfin ta mayar wa faifan da amsa. Daga nan yake samun wutar da yake aiki da ita. Shi ya sa ba ka ga ramin caji ba, kuma ba ya jiran Bluetooth kafin ya yi rubutu. Fasahar kamfanin Wacom ce na ƙasar Japan, ana ce mata EMR, Samsung yana amfani da ita tun wayarsa Galaxy Note ta farko a 2011.

Tab A8 ba shi da wannan faifan. Haka A7 da A9. Kamar ka sayi rediyo ne a garin da babu tashar da ke watsa shiri, rediyon lafiyarsa ƙalau, amma shiru za ka ji. Babu saitin da za ka taɓa, babu manhajar da za ka sauke da za ta sa masa abin da ba a ƙera shi da shi ba.

Malam_Lissafi_BK:
Innalillahi. Wato na sayi linzami ban da doki ke nan. Na gode Injiniya. To me ya sa yaron bai gaya mini ba?

Mai_Gyaran_Waya_Jega:
Ranka ya daɗe, ka tambaye shi alƙalamin Samsung, ya ba ka alƙalamin Samsung. Da yawansu ba su san bambancin ba, sayarwa kawai suka iya. Ni a shagona duk wata sai an kawo mini irin wannan ƙarar, mutum ya ce sikirin ɗinsa ya lalace alhali lafiya lau yake.

Hanya mai sauƙi: ka shiga saiti, ka gangara can ƙasa inda aka rubuta bayanin tab, za ka ga lambarsa. A8 lambarsa SM-X200 ko SM-X205. Wanda malamai da ɗalibai suka fi nema don rubutu shi ne Tab S6 Lite, na farkonsa ya fito a 2020 da lamba SM-P610 da P615, kuma da alƙalaminsa yake zuwa a cikin kwali. Wata alamar kuma, duk tab ɗin Samsung da ke karɓar alƙalamin za ka ga sashe mai suna S Pen a cikin saitinsa. In babu, kada ka wahalar da kanka. Sannan don Allah jama'a, in za ku sayi alƙalami ku tafi da tab ɗin a hannu, a gwada a gabanku kafin kuɗi ya bar aljihu.

Bakatsine_A_Kamba:
Bakabe da alƙalamin zamani? Malam ka haƙura kawai. Ku da aka sani da homa da gora, ina ruwanku da gilashi. In an yi tab mai kama kifi sai mu aiko muku.

Bakabe_77:
Ji bawanmu ya samu bakin magana. Kai da kaz zo Kamba cin arziki, shinkahwarmu ta ta hwashe ma baki.

Bakatsine_A_Kamba:
Shinkafar da sai mun zo mun saya kuke ganin kuɗi. A ci gaba da darasi, na yi shiru.

Ummu_Hanan:
Malam sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Ni iPad nake amfani da shi wajen zanen lalle, ina zana wa amare samfur su zaɓa kafin ranar. A can ma haka abin yake, kowane iPad da nasa alƙalamin. Nawa fitowa ta tara ne a jerin iPad, yana aiki da alƙalaminsu Apple Pencil na farko, wanda ya fito a 2015. Haɗa shi babu wuya: ka cire murfin bayansa, ka cusa shi a ramin cajin iPad ɗin, saƙo ya fito ka amince, shi ke nan. Shi dole sai Bluetooth na kunne. Na biyun da ya fito a 2018 ba ya shiga rami, manna shi ake yi a gefen iPad ɗin, maganaɗisu ya riƙe shi, a nan yake haɗuwa kuma a nan yake caji. To na biyun ba zai yi a nawa ba ko da kuwa ya fi tsada. Kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke rubutu a iPhone, don kullum sai wata ta tambaye ni wannan.

Abu ɗaya da zan ja kunnen masu shi: kada a jefa shi a durowa wata da watanni babu caji. Ƙaramin batir ne a rufe a ciki, in ya mutu murus ba a buɗewa a canza.

Ɗalibar_Kalgo:
Anti Ummu_Hanan, iPad na goma fa? Shi nake tara wa kuɗi.

Ummu_Hanan:
Ƙanwata, na goma ramin cajinsa USB-C ne, shi kuma Pencil na farko bakinsa irin na tsohuwar cajar iPhone ne, don haka sai da wani ɗan mahaɗi a tsakani. Akwai kuma wanda suka fitar a 2023 mai caji da USB-C, yana yi a na goma, ya fi araha, amma ba ya jin ƙarfin dannawa. In rubutun lacca za ki yi ya ishe ki. In zane ne za ki ji bambanci.

Malam_Lissafi_BK:
Na gode Malama. Amma ni yanzu A8 ne a hannuna, ba ni da kuɗin iPad. Babu wani alƙalamin da zai yi a kansa sam?

Injiniya_Aliero:
Akwai Malam, sai dai ka san abin da za ka samu tun yanzu. Duk wanda zai yi a A8, kwaikwayon yatsa yake yi. Iri uku na sani a kasuwa. Mai kan roba mai laushi, wanda wani lokaci ake haɗawa a bayan biro, shi ne mafi araha, amma kansa ƙato ne, yana rufe abin da kake rubutawa. Sai mai ɗan faifai garai-garai a baki, kamar kwabo amma ana ganin abin da ke ƙarƙashi. Shi ma ba caji, kuma ya fi na robar saiti nesa ba kusa ba, domin kana hango daidai inda layi zai fito. Na ukun mai batir ne, bakinsa siriri kamar biro, ana danna maɓalli ya kunna. Shi ne ya fi ɗaukar ido, amma in ka ja layi a karkace a hankali sai ka ga yana ɗan lanƙwashewa kamar tafiyar maciji. Ga mai zana alwatika da da'ira wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni da ni ne kai, mai faifan zan ɗauka.

Babbar damuwar dukkansu ita ce tafin hannu. Tunda tab ɗin bai san bambancin alƙalamin da fatarka ba, kana kwantar da hannu a gilashi sai ya ɗauka rubutu ne, ko shafin ya zame.

Tela_Mai_Surfani:
Wannan maganar ta tafin hannu ita ta kore ni daga masu arahar. Ina zana aikin wuyan riga da na aljihu kafin in sauke a shadda. Da na fara da mai kan roba, hannuna a sama yake kamar mai tsoron taɓa wuta, minti goma kafaɗa ta ƙage. Yanzu S6 Lite na hannu nake da shi. Da zarar bakin alƙalamin ya kusanci gilashi, tun bai taɓa ba, za ka ga ɗan ɗigo yana binsa, daga nan tab ɗin ya daina kula tafin hannunka. Ka kwantar da hannu yadda kake yi a takarda. Kuma yana jin nauyin hannu, an ce mataki 4,096, ni dai abin da na sani in na danna layi ya yi kauri, in na sassauta ya sirance. Wajen zanen aska da dagi nan ne kuɗinka ke fita.

A cikin Samsung Notes, manhajar rubutu ta tab ɗin, akwai inda ake kashe zane da yatsa. Ka kashe shi, sai yatsa ya zama na jan shafi da zuƙowa kawai, rubutu kuma na alƙalami. Da yawa ba su san da shi ba suna ta fama.

danyawuri:
ni safar kafa na yanke na sa a hannu na bar yatsu uku a waje. tana hana tafin hannu tabawa. ba sai ka kashe kudi ba malam

Bakatsine_A_Kamba:
Allah ya sa dai wankakkiya ce.

Mai_Gyaran_Waya_Jega:
Dariya kuke yi amma dabarar danyawuri tana yi, in safar na da kauri. Akwai ma wadda ake sayarwa don haka, mai rufe ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ta fi amfani a bazara, lokacin da zafin Kebbi ke haura 40, domin gumi ma kansa gilashin yana jin sa kamar taɓawa. Ɗigon zufa ɗaya sai ka ga shafi yana tsalle.

Kawu_Ajami_Gwandu:
Salamu alaikum. Ni dattijo na, jikana yas sa ni cikin zauren ga. Na karanta abin da kunka rubuta tun daga sama, kuma maganar Tela ta taɓa ni. Mu da munka tashi da alƙalamin kara, mun san kaurin harafi ba daga dannawa shika zuwa ba, daga yadda anka feƙe bakin alƙalami na, da yadda kaka karkata shi. Shi as sirrin rubutun allo. Jikan nawa ya ba ni nashi in gwada, na rubuta Bisimilla, tai kyau ba laihi, amma santsi ya yi yawa, hannu na gudu. Allo yana riƙe alƙalami, gilashi ba ya riƙewa.

Tambayata ita ta: ina da takardun mahaihina na ajami, wasiƙu da waƙoƙin wa'azi, wasu tawada ta fara cin takarda. Ina son in kwahe su da hannuna. Abin ga na iya wa?

Injiniya_Aliero:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Yana iyawa, kuma a ganina aikinka ya fi na kowa a nan dacewa da alƙalamin. Amma kafin kwafa, a fara ɗaukar hoton kowane shafi a wuri mai haske ba tare da walƙiyar kyamara ba, domin hoton shi ne shaidar asali. Sai a buɗe hoton a gefe ɗaya na sikirin, shafin rubutu a ɗaya gefen.

Maganar feƙe baki kuwa, a manhajojin zane akwai alƙalami mai faɗin baki irin na masu rubutun ado, ana iya saita kusurwarsa, sai kauri ya riƙa bin inda hannu ya nufa kamar na kara. Ba zai kai na gaske ba, amma ya kusa. Santsi kuma akwai leda ta musamman da ake mannawa a gilashi mai ɗan kaushi kamar takarda. Tana riƙe baki, har ƙarar rubutu za ka ji. Illarta biyu: tana rage hasken hoto kaɗan, kuma tana cin bakin alƙalami da sauri.

Malama_Hausa_Argungu:
Kawu barka da ƙoƙari, Allah ya jiƙan mahaifa. In ƙara a kan na Injiniya: ka bar rubutun a matsayin rubutun hannunka, kada jikanka ya danna wurin da ke mayar da shi bugaggen rubutu. Waɗannan manhajojin Larabcin gabas aka koya musu. Namu na Warshu ne, fa'unmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙafunmu ɗigo ɗaya ne a sama. Na'urar tana ganin ɗigo ɗaya a sama sai ta ce fa'un ne, ma'ana ta juye. Balle imala da sauran alamun da Hausa ta ƙara.

Ko a boko ma haka nake fama. Ina rubuta ƙasa da hannu ta mayar mini kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya zama daki. Lanƙwasar nan da muke wahalar koya wa ɗalibai ita take fara zubarwa. Saboda haka ni na daina juyawa, takardun ɗalibai nake buɗewa a PDF in yi musu gyara da jan layi a kai kamar yadda na saba da jan biro, in mayar musu.

In kuma daga baya ana son a buga ajamin da madannai, akwai salon haruffa da cibiyar SIL mai nazarin harsuna ta fitar kyauta, sunansa ma Alkalami, an tsara shi ne a kan rubutun Kano. Ka ga sunan ya zo daidai da zancenmu.

Kawu_Ajami_Gwandu:
Madalla ɗiyata, Allah shi yi albarka. Rubutun Kano da namu akwai ɗan bambanci ga mai ido, amma ba a rasa nono a ruga. Zan sa yaron shi nemo.

danyawuri:
malama ni wayata ma bata da wadannan haruffan masu lankwasa

Malama_Hausa_Argungu:
Tana da su danyawuri, tun ɗazu nake kallon rubutunka ina haƙuri. Ka shiga saitin Gboard, wato madannan rubutu na waya, ka ƙara Hausa a cikin harsuna, za ka same su. Ka rubuta mana "ƙafa" mu gani.

danyawuri:
ƙafa. kai ashe abin ba wuya

Jami'in_Gona_Suru:
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Aikinmu rajistar manoman shinkafa ne a fadama, tab ake ba mu, manomi ya sa hannu a gilashi. A nan mai kan robar da kuke rainawa shi ne sarki. Ba caji, ba haɗawa, in ya faɗa laka ka ɗauraye, in ya ɓace ba ka yi kuka ba. Manomin da ya yini yana shuka, fatar yatsansa ta yi kanta ta bushe, sau da yawa gilashin ba ya jin sa sosai. Ka miƙa masa alƙalamin sai ka ga ya gyara zama. Dattawa da yawa da za a ce ba su yi makaranta ba, da ajami suke rattaba sunansu, tsaf, ya fi sa hannun wasu masu digiri kyau.

Abin da ke kashe shi ƙura ce. Da hunturu in ba ka goge gilashin ba, yashin da ke kai shi ke yage robar, ya kuma karce sikirin. Ƙyalle mai laushi a aljihu kullum. Kuma kada a bar tab a rana a kan kujerar babur, zai yi zafi ya rage haske da kansa har ka kasa ganin abin da kake rubutawa.

Tela_Mai_Surfani:
Tunda an zo maganar abin da ke ɓata aiki, ga wadda ta kusa sa ni kai tab wurin gyara a banza. Na sayi wata riga mai arha ta tab, mai murfi da ke mannewa. Sai na ga akwai wuri ɗaya a gefen dama da layi ke yankewa ko ya karkace duk lokacin da na bi ta kai. Na ɗauka gilashi ya mutu. Wani yaro ya ce in cire rigar. Ina cirewa komai ya daidaita. Ashe maganaɗisun murfin ne ke rikita faifan nan da Injiniya ya yi bayani.

Injiniya_Aliero:
Haka ne, tunda da maganaɗisu yake aiki, wani maganaɗisun na kusa yana jan sa. Har lasifika ko maƙallin mota mai maganaɗisu yana yi. Kuma bakin S Pen yana cinyewa, ana zare shi da ɗan matsi a sa sabo. Kada a bari ya cinye har ƙasa.

Ɗalibar_Kalgo:
Mu a hostel da kanmu muke haɗawa. Audugar goge kunne, a cusa a bututun biro da ya ƙare, a naɗe jikin da foyil irin na gasasshen kifi ya taɓo audugar, a ɗan jiƙa kan. In yatsunka na kan foyil ɗin yana rubutu.

Mai_Gyaran_Waya_Jega:
Yana yi, don lantarkin jikinki ne ke bi ta foyil zuwa audugar. Amma ɗan danshi kawai ƙanwata, ba jiƙewa sharkaf ba, kuma kada foyil ɗin ya leƙo ya gogi gilashi. Na canza sikirin ɗin da aka yi wa haka.

Baban_Khalifa:
Ni fa ina da ja a kan wannan abu gaba ɗaya. Malam_Lissafi_BK, da girmamawa, yaran nan rubutun hannunsu ya riga ya lalace saboda waya. Ranar jarrabawar WAEC takarda da biro za a ba su, da kamfas da rula. In malami ma ya koma gilashi, su wa zai koya musu riƙe kamfas? Mu da alli da baƙin allo aka koya mana kuma mun iya.

Malam_Lissafi_BK:
Baban_Khalifa, maganarka tana kan hanya, kuma ban ce zan ajiye alli ba. A aji alli ne, kamfas kuma dole su riƙe da hannunsu. Matsalata ita ce bayan an tashi. Yarinya ta koma gida ta manta yadda aka bi aka kai ga amsa, littafinta amsar kawai ta kwafa. In tana da bidiyon minti uku da ke nuna hannuna yana bi mataki-mataki da muryata, za ta maimaita sau goma ba ta ji kunyar tambaya ba. Wasu iyayen ma ba sa barin 'ya'ya mata fitowa darasin yamma. Don su nake wannan wahalar.

Baban_Khalifa:
To in haka ne ka jingina waya a kan gwangwani, ka ɗauki hannunka kana rubutu a takarda. Kyauta ne.

Ummu_Hanan:
Gaskiya Baban_Khalifa ya kawo shawara, na taɓa yin haka da zanen lalle. Sai dai inuwar hannu tana rufe rubutun, da dare kuma in babu wuta sai ka nemi mai riƙe maka fitila. Naɗar sikirin ba ruwanta da hasken ɗaki, kuma fayil ɗin bai cika nauyi ba tunda farin shafi ne da layuka, yaran ba za su ƙona data ba.

Bakabe_77:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, a maida alƙalamin a amso kuɗɗi. Sauran bayani daga baya.

Malam_Lissafi_BK:
To jama'a ga yadda aka yi. Bayan la'asar na koma shagon da tab ɗin a hannu kamar yadda Mai_Gyaran_Waya_Jega ya ce. Maigidan na nan. Ya ciro wani S6 Lite ya goga alƙalamin a kai, sai ga rubutu radau. Bakabe_77, ashe ba jabu ba ne, na nemi gafarar yaron a zuciyata. Kuɗi dai ya ce ba a mayarwa, amma ya canza mini da mai faifan nan da Injiniya ya ce, ya cika mini da leda ta gilashi da caja.

Na gwada yanzu da safar danyawuri, wankakkiya. Na warware tambaya ɗaya ta lissafin kusurwa. Manyan haruffa suna fita lafiya, amma ƙananan lambobin da ake ɗorawa a saman x sai na zuƙo shafin sosai kafin su fito, kuma faifan yana ɗan ƙara a gilashi, tana shiga cikin naɗin. Da na riƙe wancan na shagon na minti ɗaya na ji bambancin, ba zan ɓoye ba. Maigidan ya ce in ina so in ba shi A8 ɗin in yi ciko ya ba ni S6 Lite na hannu.

Tela_Mai_Surfani:
Karɓa Malam, ba za ka yi nadama ba. Amma ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ko'ina a gilashin kafin ka biya, ka tabbata babu inda yake yankewa, kuma ka tambaya ko an taɓa canza masa sikirin.

Kawu_Ajami_Gwandu:
A'a Malam. Kyautar ƙanenka ta. Ba a kai kyauta kasuwa ba da sanin wanda yab bayar ba. Kira shi tukuna.

Jami'in_Gona_Suru:
Ni kuma na ce ka yi wata ɗaya da mai faifan tukuna. In yaran suna kallon bidiyon suna amfana, sai a yi maganar ciko. Kada a kashe kuɗi a tarar rabinsu wayar gidan a hannun uba take sai dare.

Malam_Lissafi_BK:
Kawu ka yi gaskiya, zan kira shi bayan isha'i, ko da yake na san halinsa, dariya zai fara yi mini. Na tura bidiyon farko ga yara bakwai, biyu sun buɗe. Ɗaya ta rubuto cewa ta gane, amma wai mene ne yake ƙwas-ƙwas kamar kaza tana tsattsaga. Injiniya, akwai dabarar da za a yi wa ƙarar faifan nan?